Gandun Dajin Gadabeji: Abin Sani Kafin Tafiya

Gandun dajin Gadabeji yana arewa da Dakwaro cikin jihar Maraɗi. An keɓe shi a 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma UNESCO ta amince da shi a 2017. Akwai barewa da tsuntsaye, ga raƙuman dawa da aka fara kawowa daga Kure a 2018.

Daga Maraɗi zuwa Dakwaro gudro ne, gaba kuwa sai rairayi, mota kat-kat kaɗai ke iyawa. Lokacin ɗari, Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin tafiya. Ku riƙe ruwa, isansi, shebur da tayar safaya. Ku tambayi hukuma labarin tsaro tukuna, ku ɗauki ɗan jagora wajen ma'aikatan gandun daji. Kar ku yi tafiyar dare.