Daga Kwaɗayin Uwa Zuwa Ƙwayar Tushe: Tarihin Jan Tabon Jarirai

Baƙin ɗigo a jikin jariri mukan kira shi tawadar Allah, mu wuce. Amma akwai wani ja da kan ɓullo 'yan makonni bayan suna, kafin wata uku ya kumbura ya yi jajir. A nan ne hankalin uwa a Dutse ko Kiyawa kan tashi, a fara neman mai laifi.

Shekaru aru-aru, al'ummomi da dama uwa suka ɗora wa laifin. Faransawa da Italiyawa da Larabawa duk suna kiran tabon haihuwa da kalmar da ke nufin kwaɗayin mai ciki, wai ta so wani abu ba ta samu ba. Su ma likitoci sun daɗe suna cakuɗa sunayen waɗannan tabo.

Haske ya fara shigowa a 1982, lokacin da John Mulliken da Julie Glowacki na Boston a Amurka suka raba matsalar gida biyu. Kashi na farko jijiyoyin jini ne da suka ginu a karkace tun cikin mahaifa; suna girma tare da yaro, ba sa tafiya. Na biyu shi ne hemanjiyoma, ƙullutun da kan yi girma da sauri a watannin farko, sannan ya riƙa motsewa da kansa cikin shekaru. Ya fi samun 'yan mata da bakwaini.

To, me ke gina shi, me kuma ke rushe shi? A 2008 ɗakin binciken Joyce Bischoff, a Boston ɗin dai, ya zaƙulo wasu ƙwayoyin tushe daga ƙullutun, wato ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi aikinsu ba. Da aka dasa su a jikin ɓeraye, cikin mako guda suka ƙera jijiyoyin jini irin na ɗan Adam. Bayan wata biyu jijiyoyin suka ragu, kitse ya bayyana a gurbinsu. Ashe ƙwayar da ta gina ƙullutun ita ce ke rikiɗewa ta zama kitse, shi ya sa yakan bar ɗan tudu mai laushi.

A shekarar ce kuma, a Bordeaux ta Faransa, Christine Léauté-Labrèze da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa wani jariri da aka bai wa propranolol saboda ciwon zuciya, ƙullutunsa ya yi laushi, launinsa ya dushe. Wannan tsohon maganin hawan jini shi ne yanzu zaɓin farko, kuma Amurka ta amince da ruwansa na jarirai a 2014.

Darasin a gare mu shi ne: uwa ba ta da laifi, kuma ƙullutu ne cike da jijiyoyin jini, don haka aska ko lalas kan jawo zubar jini da gyambo. Yawancinsu ba sa buƙatar komai sai sa ido. Amma wanda ya fito kusa da ido, hanci, leɓe ko haɓa, ko ya fashe, a hanzarta kai shi ga likitan yara, kamar a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, tun kafin ya gama girma. Kada kuma a sayi propranolol a kemis, domin yana iya karya sukarin jinin jariri da rage bugun zuciyarsa.