Wasan Alkafura Tsakanin Zawiya da Dandali: Tarihin 'Ya'yan Sidi Ahmad u Musa na Maroko

1.0 Gabatarwa

Masu nazari sukan kasa wasan alkafura da tsalle-tsalle gida biyu: na gasa, wanda alƙalai ke ba wa maki, da na dandali, wanda ake yi don 'yan kallo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabon nan baƙo ne, kuma akwai gida na uku da ya girme su, wato inda wasan yake sana'a ce ta gado mai jingine da addini. Za a kafa hujja da tarihin 'yan alkafurar kudancin Maroko.

2.0 Tushe

Sidi Ahmad u Musa waliyyi ne da ya zauna a Tazarwalt, cikin ƙasar Sus, ya kuma rasu a shekarar 1563. Mutanen yankin Barbar ne masu magana da Tashilhit, harshen da yake ɗan'uwa ne ga na Buzaye. Bayan rasuwarsa zuriyarsa ta kafa daular Iligh, wadda ta yi ƙarfi da fataucin Sahara har zuwa Tambutu, kafin Sarki Mulai Rashid ya rushe ta a 1670.

A inuwar zawiyarsa ne aka sami ƙungiyoyin maharba, kuma da su ake danganta asalin 'yan alkafurar da ke kiran kansu 'ya'yan Sidi Ahmad u Musa. Ruwayar baka ta ce hasumiyar mutane da suka shahara da ita, wato wasu su hau kafaɗun wasu hawa-hawa, an fare ta ne don hango abokan gaba ko leƙa bayan ganuwa. Kowace ƙungiya tana da shugaba, yara kuwa tun suna ƙanana ake danƙa masa su. Ƙato shi ke ɗaukar nauyi a ƙasa, ƙaramin yaro ya hau ƙololuwa. Kafin a fara sai an ambaci sunan Shehin, domin a wurinsu ƙarfin jiki daga albarkarsa yake.

3.0 Fita Turai

A 1768 Philip Astley ya buɗe filin wasan dawaki a Landan, wanda daga gare shi ne dandalin sarkus na zamani ya samo asali. A ƙarni na 19 masu irin waɗannan dandali suka shiga ɗaukar 'yan alkafurar Sus zuwa Turai da Amurka. A can aka riƙa tallata su da sunan "Larabawa", alhali mafi yawansu Barbar ne. Abin lura a nan shi ne, an sayi motsin jikin, an bar ma'anarsa a gida.

Shi kuwa ɓangaren gasa, ya fi wannan ƙuruciya nesa. Sai a 1973 aka kafa ƙungiyar duniya ta wasan alkafura, aka yi gasar duniya ta farko a Mosko a 1974, sannan a 1998 ƙungiyar ta narke cikin hukumar duniya ta wasannin motsa jiki. Ke nan zawiyar Tazarwalt ta girme ta da shekara fiye da 400.

4.0 Halin Yau

A 2001 UNESCO ta sanya dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh, inda 'yan alkafura ke wasa da jajaye da korayen tufafinsu, cikin manyan al'adun ɗan Adam. An kuma sami makarantar sarkus a birnin Sale, da ƙungiyar 'yan alkafura ta Tanja wadda aka kafa a 2003. Makaranta ta fara karɓar aikin da muƙaddami ke yi a da. Ta kawar da wasu wahalhalun da yara ke sha a yawon wasa, amma takardar shaida ba ta gadar da silsila.

5.0 Kammalawa

Darasin da ke nan ga mai nazarin al'adun Hausa a fili yake. 'Yan hoto da gardawa da 'yan tauri su ma sana'arsu na tafe ne da gado da kirari da asiri. Idan muka auna su da ma'aunin gasa ko na dandali kaɗai, za mu rubuta tsallen, mu rasa dalilin yin sa. Wajibi ne a taskace silsilar malamansu da kalmomin sana'arsu tun masu su na raye.