Fijo 504: ta Kaduna da ta Faransa ba ɗaya ba ne

Duk wanda ya yi wayo lokacin da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ke jigilar mutane daga Matamai zuwa Damagaram, ko ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, ya san gardamar tsoffin direbobi: ta Faransa ta fi gudu, ko ta Kaduna ta fi ƙarko? To, kowa na da gaskiyarsa, don injinan ba iri ɗaya ba ne.

An fito da 504 a Faransa a 1968 da inji mai cc 1796. A 1970 aka ƙara shi ya koma 1971. Mai kafireta na ba da ƙarfin doki wajen 93, wanda ake fesa wa mai kuwa ya kai 104. Sai kuma ta 'yan gayu, mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera wa jiki. A 1974 aka sa mata inji mai silinda shida, cc 2664, doki 136. Irinta ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari da ita a Kenya a 1978. Wannan kam, a tasharmu sai dai a hoto.

Tamu daban ce. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma abin mamaki, a jirgin sama aka riƙa kwaso sassan mota daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a harhaɗa. Injin da aka fi sani a nan shi ne mai silinda huɗu da kafireta. A takarda ya fi rauni, ba shakka. Amma ku tuna hanyoyinmu na wancan zamani, da ƙurar hunturu, da man kwalba na bakin hanya. Kafireta in ta toshe, bakanike ya kwance ta a gindin bishiya, ya wanke, ya busa da baki, a ci gaba da tafiya. Famfon fesa mai fa? Wa zai taɓa shi a Kance ko Matamai? A ganina wannan ya fi doki goma sha ɗaya da aka rasa daraja, musamman ga mai doguwa, wadda ke ɗaukar mutum tara da buhunan wake a kai.

Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983. Kaduna ta ci gaba da ita sama da shekara ashirin bayan haka. Shi ya sa in za ka sayi tsohuwa yau, kar sunan “ta Faransa” ya ruɗe ka. Buɗe bonet ka duba injin, ka tambayi masu kayan gyara a Kano ko akwai nasa.