Yadda Kumburin Gwiwa Ya Shiga Dokar Birtaniya

A wuraren da jijiya ko fata ke gogar ƙashi a jikin ɗan Adam, akwai wasu ƙananan jakunkuna shimfiɗaɗɗu masu ɗan ruwa mai yauƙi a ciki. Aikinsu rage gogayya, domin gaɓa ta motsa ba tare da ta ci kanta ba. Sun haura 100, kuma manyansu suna kafaɗa, gwiwa, gwiwar hannu da ƙugu. Likitoci suna kiran kowacce bursa, kalmar Latin mai nufin jakar kuɗi.

Masana sun daɗe ba su ba su muhimmanci ba, domin lafiyayyar jaka siririya ce, da ƙyar ake ganin ta. Albinus, malamin ilimin sassan jiki a Leiden ta ƙasar Holan, ya bayyana wasu daga cikinsu a 1734. A 1788 kuma Alexander Monro na biyu, na Jami'ar Edinbara, ya wallafa littafi sukutum a kansu.

Leburori kuwa sun san su tun kafin haka, ta hanyar ciwo. Idan mutum ya daɗe yana durƙuso a kan daɓe mai tauri, jakar da ke gaban ƙoƙon gwiwa takan cika da ruwa, ta kumbura, wani lokaci har ta yi mugunya. Shi ya sa a Ingila aka raɗa wa ciwon sunayen sana'o'i: gwiwar 'yar aiki, saboda masu goge daɓe a durƙushe, da gwiwar hannun mahaƙi, saboda masu kwanciya a ƙuntataccen rami suna saran kwal.

Sunan kaɗai bai biya kowa ko kwabo ba. Mahaƙin da gwiwarsa ta kumbura ba zai ce ya yi haɗari ba, tunda ciwon a hankali yake taruwa, diyya kuwa a da ta haɗari ce. Dokar diyyar ma'aikata ta 1906 ce ta fara amincewa da wasu cututtukan sana'a, sannan a 1907 aka ƙara ciwon gwiwa da na gwiwar hannun mahaƙa cikin jerin. Daga lokacin, mahaƙin da wannan kumburi ya kwantar ya sami hurumin neman diyya daga mai ramin, maimakon a ce ƙaddararsa ce.