Tarihin Noman Tururuwa Mai Yankan Ganye da Sulkenta

A dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai tururuwar da ke yanka ganye tana kwasa zuwa raminta, kuma an daɗe ana zaton cinsa take yi, har zuwa shekarar 1874, lokacin da Thomas Belt, wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Ingila da ya zauna a Nikaragwa, ya rubuta cewa taki take yi da shi domin noman naman gwari, wato dangin funfuna da laimar kwaɗi, wanda shi ne abincinta. Bajamushe Alfred Möller ya tabbatar da haka a Brazil a 1893, kuma masana sun ƙiyasta cewa kakannin wannan tururuwa sun soma noman ne fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce.

Rami mai duhu da danshi da cunkoso wuri ne da cuta ke so, shi ya sa gonar ta daɗe tana fama da Escovopsis, naman gwarin da ke cinye amfanin, ita kuma manomiyar tana fama da Metarhizium, wanda ƙurarsa ke manne wa ɓawon jikin ƙwaro, ta huda shi, ta yaɗu a ciki har ya mutu. Garkuwarta kuwa tana bisa jikinta, a cikin wani farin abu kamar toka da aka daɗe ana ɗauka kakin zuma ne ko makamancinsa. A 1999 Cameron Currie da abokan aikinsa suka nuna cewa bakteriya ce da tururuwar ke reno a jikinta, wadda ke fitar da maganin da ke dakushe Escovopsis.

Binciken da ya fi ɗaukar hankali shi ne na 2020, wanda Hongjie Li da Currie suka wallafa kan jinsin tururuwar da ake kira Acromyrmex echinatior, inda suka gano cewa ma'aikatan, yayin da suke balaga, suna lulluɓe jikinsu da ƙananan lu'ulu'u na dutsen farar ƙasa mai yawan sinadarin magnesiyam, wanda ke ninka taurin ɓawon fiye da sau biyu. A gwajin da aka yi, masu wannan sulke sun fi tsira da gaɓoɓinsu a faɗa da manyan sojojin wani jinsin tururuwa mai suna Atta cephalotes, sun kuma fi jure wa Metarhizium. Kafin wannan bincike ba a taɓa sanin wani ƙwaro mai irin wannan sulken dutse ba.