Fankar Lagireto a Garejin Yawunde: Daga Bel Zuwa Kwamfuta

Zafin inji na cikin tsofaffin matsalolin da makanikan Yawunde suka saba da su, kuma yanayin garin ne ya jawo hakan. Gari ne na tuddai, mai tsayin kusan mita 750 daga saman teku, ga kuma cunkoso. Tasi mai launin rawaya da ta ɗauko fasinja daga Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa da ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, zuwa kasuwar shanu ta Etoudi, rabin tafiyarta hawa ne da ƙaramar giya, sauran kuma tsayuwa. A irin wannan tafiya iskar hanya ba ta ratsa lagireto, don haka nauyin sanyaya ruwa duka yana kan fanka.

A zamanin motoci masu jan baya, binciken bai da wuya. Injin yana kwance a tsaye daga gaba zuwa baya, fanka tana manne da famfon ruwa, bel ɗaya ke juya su. Idan mota ta yi zafi, sai makanike ya danna bel da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya duba ko wani fiffike ya karye. Peugeot ce ta fara rikita lissafin. Samfurin 404 na 1960 da 504 na 1968 sun zo da fanka mai maganaɗisun lantarki, wadda ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi. Da yawa daga makanikai ba su yarda da ita ba: da ta fara ba da matsala, sai a ɗaure ta ta riƙa juyi kullum. Wannan shi ake kira mayar da fanka "direk". Manyan motoci irin su Land Cruiser da Hilux kuwa suna da fanka mai man silikon a cibiyarta. Ana gwada ta ne bayan an kashe injin mai zafi: idan aka kaɗa ta da hannu ta yi ta juyi sakaka, man ya tsiyaye.

Babban sauyi ya zo da motoci masu jan gaba. Toyota Corolla ta koma wannan tsari a 1983, injin ya koma a gicciye, bel ba zai iya kaiwa ga lagireto ba, sai aka sa wa fanka motarta ta lantarki. Bayan karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, gwanjon Turai da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala suka cika tituna, Corolla da Starlet da Carina suka zama tasin gari. Daga lokacin aikin zafin inji ya rabu gida biyu, tsakanin makanike da mai wayarin.

Tsarin binciken da makanikan suka gada daga wancan lokaci yana farawa da tambayar direba: a ina motar ke zafi? Idan allura tana hawa a cunkoso amma ta sauka da zarar an kama buɗaɗɗiyar hanya, fanka ake tuhuma. Idan kuma a gudu take hawa, an fi zargin lagireto da ya toshe, ko famfon ruwa, ko gaskit. Daga nan sai a bar injin yana aiki a tsaye, a ga ko fankar za ta tashi. A yawancin motoci kunna na'urar sanyaya ɗaki yana tayar da ita nan take, wanda ke nuna motar fankar lafiya lau take. In ba ta motsa ba, sai a bi layin wuta da fitilar gwaji: fis tukuna, sannan rile, wanda sau da yawa ake musanya shi da na hon idan iri ɗaya ne. Sai a jawo waya daga batir kai tsaye zuwa motar fankar. Wadda ba ta tashi sai an ƙwanƙwasa ta da sifana, gawayin cikinta ne ya cinye. Tsofaffin Toyota suna da wata dabara da ta sauƙaƙa aiki: idan aka zare soket ɗin makunnin zafi alhali makulli na buɗe, fanka za ta tashi da kanta. In ta tashi, laifin na makunnin ne.

Akwai kuskuren da ke ba ƙwararru ma kunya, wato fankar gwanjo da aka juya wa wayoyi. Tana juyi, tana ƙara, amma gaba take tura iska maimakon ta jawo ta ta cikin lagireto. Takarda ake karawa a gaban lagireton a ga ko za ta manne.

Da Turai ta wajabta tsarin binciken kwamfuta ga motocin fetur a 2001, motocin da suka biyo baya sun iso da fanka wadda kwamfutar inji ke ba umarni, wasu ma da gudu hawa-hawa. Na'urar bincike tana nuna lamba irin P0480, wadda ke nufin matsala a layin sarrafa fanka. Lambar dai ba ta faɗin ko waya ce ta tsinke ko rile ne ya ƙone, shi ya sa fitilar gwaji ba ta bar akwatin mai wayarin ba.

Abin da bai canza ba shi ne haɗin direk, wanda galibi ake haɗa shi da cire tamostat bisa hujjar cewa an ƙera shi ne don sanyin Turai. Hujjar ba ta da ƙarfi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, wajen digiri 90, yana shan mai fiye da kima, fankar da ke juyi dare da rana kuma tana saurin mutuwa. Mafi muni, haɗin yana ɓoye ainihin cutar, kamar murfin lagireto da ya daina riƙe matsi. A tsayin Yawunde ruwa zalla yana tafasa ƙasa da digiri 98, alhali murfi mai kyau yana ɗaga wannan iyaka zuwa kusan 120.