Ɗan da aka raba da gida: daga Dorugu zuwa talabijin

A Zinder, idan aka nuna wasan kwaikwayo na yaron da aka sace, ko wanda uba ya ƙwace daga hannun uwa, ƴan kallo kan rabu biyu. Wasu na son a ƙare da haɗuwa da yafiya. Wasu na ganin haɗuwar ta cika sauƙi. Tarihin Damagaram na goyon bayan na biyun.

Wajen 1840 aka haifi Dorugu a Dambanas. Yana yaro mahara daga Barno suka kama shi, aka sayar da shi. Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi a Kukawa. Da Overweg ya mutu a 1852, sai ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sannan Turai a 1855. Labarin da ya ba J. F. Schön ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Ya komo Afirka, amma a Kano ya rasu a 1912, nesa da ƙauyensu.

Adabi ma bai ɓoye wannan ɗaci ba. Cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, uwa ta fita neman ɗanta, ta faɗa bauta, aka ƙetara Sahara da ita. A Tarabulus suka sadu, jim kaɗan ta cika.

Mai kallon da ya ƙi gamsuwa da ƙarshe mai daɗi, gado ya yi. Kakanninsa sun san ko an maido ɗa, shekarun da aka cinye masa sun tafi ke nan.